Aikin ko-ta-kwana ya hana ni sanin ranar kwana gida, ina neman shawara

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa direbobi. Ni direban tirela ne a Birnin Kebbi, amma ba ni da mota tsayayya. Wani kamfani ne ya ɗauke mu, yana tura mu wurin masu motoci idan direbansu ya kwanta ko lodi ya yi yawa. Yau shinkafa daga Argungu, gobe albasar Aliero zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Kuɗin sahu ake biya, in ba ka tashi ba, ba ka da ko sisi.

Nisan hanya ba ya damuna. Abin da ke ci mini rai shi ne ban san ranar tashi ba. Sai in ratso Jebba, Mokwa, Kontagora da Yauri, ko wanka ban yi ba waya ta shigo wai akwai lodi. In na ce na gaji, sai a daɗe ba a neme ni ba. Har sunan ɗiyata aka yi ina layin sauke kaya. Yanzu maiɗakina ta fara maganar zuwa ganin gida. Yaya kuke yi?

Tsohon direba, Jega:
Wa alaikumus salam ɗana. Kai kaɗai in ka ƙi lodi, sunanka za a goge. Ku haɗu ku da kamfanin ya ɗauka, ku nemi a yi muku layi irin na tasha: wanda ya dawo ya koma ƙarshe, ba a kiransa sai layi ya zagayo. Kuma ku kai maganar lokacin da albasar rani ta fito, don a lokacin su ke neman direba ido rufe. In kuka bari sai damina, dariya za a yi muku.

Mai tanka, Gusau:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma layi na tafiya a tasha ne saboda ƙungiya na tsaye a kai. Ejan, wato kamfanin da ya ɗauke su, yana da lambobin direbobi jibge, wasu ko rabin kuɗi za su karɓa. Malam, ka duba cikin masu motocin da kake ja wa, wanda ya yaba da hannunka ka nemi ya ba ka mota taka. Kuɗin zai iya raguwa, amma za ka san ranarka.

Makanike, Yauri:
Ni barcin nake ji maka. A Ingila doka ce, direban babbar mota yana tuƙin awa 9 a rana, bayan awa 4 da rabi dole ya huta minti 45, a mako kada ya wuce awa 56, kuma akwai na'ura a motar tana rubutawa. Mu nan ba mai ƙirga maka, sai ka riƙa rubuta lokacin tashi da na tsayawa da kanka, ka nuna musu in sun matsa. Don Allah kada ka bari a ja ka ga tiramol. Motocin da ake jawo mana daga daji, da yawa ba birki ba ne, gyangyaɗi ne.

Matar direba, Kalgo:
Ku yi haƙuri in sa baki. Yaya, mu ba tafiyar ke ƙona mana rai ba, mun san da ita muka yi aure. Ka ce gobe kana gida, a yi girki, a yi kitso, sai shiru. In ba ka da tabbas kada ka yanke rana. Ka bar kuɗin cefane isasshe, ka kira in ka yada zango. In ka dawo kuma, ba majalisa za ka zarce ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, zan tuntuɓi sauran kafin albasa ta fito. Hajiya, maganar majalisa ita ma ta sha faɗa mini. Mai tanka, in na nemi mota wurin mai ita kai tsaye, kamfanin ba zai ce na zagaye shi ba?