Mu da aka rushe mana gidajen gwamnati a kudancin Landan

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Jiya na bi ta unguwar Elephant and Castle, na tsaya inda rukunin gidajen gwamnati na Heygate yake a da, wallahi ban gane wurin ba. Gidaje kusan 1,200 da aka gina a 1974, aka rushe tsakanin 2011 da 2014. Yanzu sai dogayen benaye da wuraren shan kofi. Ku da kuka zauna a irin gidajen nan, yaya abin ya zo muku?

Direban Dare: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a rukunin gidajen gwamnati na North Peckham na yi zama, kuma gaskiya ba na kewar ginin. Dogayen baranda ne a sama suka haɗa benayen, lungu kan lungu. Yaro zai fizge jaka a nan, ya ɓulla a wani bene can daban. Fitilar matattakala kullum a mace, lif sai zarnin fitsari. In na taso aiki ƙarfe biyun dare, tun daga tasha makullina yake a hannu, ina tafe ina waiwaye. A matattakalar unguwar nan aka tsinci Damilola Taylor cikin jini a Nuwamba 2000, yaro ɗan shekara 10, watanni kaɗan da zuwansa daga Najeriya. Allah Ya kiyaye mana zuri'a. Gidajen da aka gina daga baya ƙofofinsu titi suke kallo, duk wanda ya gifta wani ya gan shi. Wannan kaɗai ya rage ɓarna sosai.

Inna Ta Sama: Ƙanena, ba na musa maka. Amma mu ba mu ci moriyar tsaron ba. An ce mana za mu dawo, ga shi har yau ina can gefen gari, bas biyu nake hawa kafin in isa masallacin Old Kent Road ranar Juma'a. A sababbin gidajen Heygate, masu hayar rangwame irin tamu ba su kai 100 ba. Maƙwabciyata 'yar Gana ita ke ɗauko min yara daga makaranta, makullina a wurinta yake kwana. Ranar da na yi rashin lafiya ita ta fara bugo ƙofa. Yanzu sai dai waya, wayar ma da Sallah.

Mai Kayan Miya: Da zuwan sababbin mazauna kasuwa ta buɗe a unguwar, wannan ba ƙarya. Sai dai masu sayen gari da manja da busasshen kifi su ne aka kwashe. Sababbin sukan leƙo, su sayi agada biyu su wuce. Mai shago kuma ya ga unguwa ta yi daraja, ya ɗaga min haya. Bara na mayar masa da makulli.

Maman Biyu: Allah Ya musanya da mafi alheri, Malam. Inna, wace unguwa kike yanzu? Ranar Juma'a maigidana da mota yake fita, sai mu biyo ta wurinki.