Me za mu kira "dimorphisme sexuel" da Hausa?

Malamin kimiyya, Maradi: Jama'a, ina neman taimako. A darasin halittu muna da "dimorphisme sexuel", wato namiji da mace na halitta guda amma kamarsu ta sha bamban. Da malam-buɗe-littafi nake nuna wa ƴan lakwal. Akwai wani da masana ke kira Hypolimnas misippus: namijin baƙi wuluk, da manyan fararen tabo masu zoben shuɗi mai sheƙi, macen kuwa ja-ja ce, bakin fiffikenta baƙi da ɗigon fari. Yaro ya gan su tare, sai ya rantse ba dangi ba ne. Na gwada "bambancin jinsi", bai zauna mini ba.

Ɗalibar jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Ba zai zauna ba kam, malam. Ƴan ƙungiyoyi da rediyo sun riga mu, kowa ya ji shi sai hankalinsa ya tafi ga wariyar da ake yi wa mata. "Kama biyu" fa?

Malamin kimiyya: Ita ce fassarar kai tsaye, amma biyun ne matsala. Ga wani malam-buɗe-littafin, Papilio dardanus na nan Afirka, namijin kamarsa guda, ruwan ƙwai-ƙwai da ɗan wutsiya a fiffiken baya, matan kuwa kamanninsu sun fi goma, akasarinsu ba wutsiyar. Wani masanin ƙwari, Roland Trimen, shi ne ya nuna a 1869 cewa duk iri ɗaya ne.

Mai lambu a Jiratawa: Mushe, ja-jan nan ai mun san shi, a kan tumfafiya yake yini. Ku ce "rashin anko" a huta.

Malamin kimiyya: Baba, ka ba ni dariya! Sai dai wanda kake gani kan tumfafiya wani ne daban, Danaus chrysippus. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, dafin ya zauna a jikinsa har bayan ya yi fiffike, tsuntsun da ya taɓa cinsa ba ya ƙarawa. Ita macen Hypolimnas misippus ba ta da dafin, kamarsa kawai ta ara tsuntsaye suka ƙyale ta, tunda ita ke ɗauke da ƙwai. Shi kuma na tumfafiyar, miji da mata anko suka yi sosai. Sai ka duba fiffiken baya: mace ɗigo 3 baƙaƙe a tsakiya, namiji 4, na huɗun ɗan kumburi ne, jakar ƙamshin da yake neman mace da shi. Wannan ɗigo guda ma dole kalmar ta ɗauke shi.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: Ɗana, kun yi nisa. Hausa tana da raba-gardama, tana da raba-daidai. Ku ce "raba-kama". Zakara da kaza suna da raba-kama, jan-gwada da macensa haka, kurciya kuwa da ƙyar ka gane.

Ɗalibar jami'a: Inna, ba a ji namiji da mace a ciki ba.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: A littafi a rubuta "raba-kamar namiji da mace" karon farko, daga nan a gajarta. Baki ba ya son doguwar kalma.

Malamin kimiyya: Na karɓa, Hajiya. Ranar Litinin zan hau allo da ita. Baba, in an samu fararen nan da ke sauka kan tafasa a kamo mana biyu, a cikinsu ma mace takan yi rawaya. A riƙe su a hankali, garin fiffiken yana gogewa a yatsa.