Wanka da sauya kaya bayan tseren keken laka

Tseren cyclocross, wato tseren keke cikin laka da ciyawa, a Beljiyam da Holan lokacin hunturu ake yinsa, mahayi ya gama jiƙe sharkaf da laka. Shawarar masana ita ce a fara tuɓe jiƙaƙƙun kaya nan take, domin su ne ke janyo sanyi cikin jiki. A zo da ruwan zafi a jarka mai lita 10, a naɗe ta da bargo kada ta huce, da tawul biyu, tabarmar roba ta tsayawa, da leda ta ƙazaman kaya. Inda aka tanadi banɗaki, a ɗauraye laka a waje tukuna, in ba haka ba magudana ta toshe. Injin wanke keke kuwa ba na jiki ba ne, ƙarfin ruwansa na yanka fata. Masu shiryawa lallai su keɓe wa mata da yara ɗaki mai ƙofa.