Me ya sa zanen log₂(x − 3) ke matsawa dama?

Assalamu alaikum. Don Allah masana lissafi ku taimaka, kwana biyu ke nan wannan abu ya tsaya mini a rai.

Zanen y = log₂x bai ba ni wahala ba: ya bi ta (1, 0), (2, 1) da (4, 2), yana kusantar layin y ba ya taɓa shi. Da na zo kan y = log₂(x − 3), ganin alamar ragewa sai na ja zanen hagu da taki 3. Amma da na sa x = 1, kalkuleta ta ƙi ba da amsa. Sai a x = 4 na samu sifili, wato dama ya matsa.

Me ya sa ragewa ke tura shi dama? Kuma layin da ba ya taɓawa ya koma x = 3 ke nan? Dalilin nake so in gane, ba hadda ba.