Zan je Guangzhou karon farko, ya maganar abinci da sallah a can?

Ɗan PZ:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka taɓa zuwa Chaina ina neman shawara. Ina da shagon kayan waya a nan PZ Zariya, caja, iyafis, gilashi, rigar waya da sauransu, da ma a Kano nake sari ko in aika Legas, yanzu maigidana ya ce lokaci ya yi da zan je da ƙafata in ga yadda ake yi, biza ta fito kuma in sha Allahu cikin Oktoba zan tashi. Matsalar ita ce Hajiyarmu hankalinta ya ƙi kwanciya, tunda wata maƙwabciyarmu ta ce mata mutanen can kare da maciji suke ci kuma babu masallaci ko ɗaya, kullum sai ta tayar da zancen har cewa take in fasa. Ni kaina wlh abin na damuna don ban iya cin abin da ban san asalinsa ba, ga ni da olsa ba na jure yunwa. To ya ake yi da halak? ana samun Juma'a? sannan wai da gaske ne WhatsApp ba ya yi? Duk wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Baban Ummi, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa a je a sa'a. Ka je ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, Musulunci ya fi shekara dubu a Chaina, kuma a Guangzhou ɗin da za ka akwai masallacin Huaisheng wanda yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar gaba ɗaya, da tsohuwar hasumiyarsa tana nan tsaye. Maganar kare kuma, eh akwai masu ci a wasu yankuna, amma yawancinsu ba sa ci, birnin Shenzhen ma tun 2020 ya haramta cin kare da mage. Ba wanda zai zuba maka kare a faranti ba ka sani ba.

Abin da za ka ji tsoro da gaske alade ne. Shi ne namansu na yau da kullum, in ka ce a ba ka nama kawai ba ka faɗi na me ba to shi za a kawo, kuma ko ganye ka ce a soya maka ana iya soya shi da kitsensa ko a yayyafa niƙaƙƙen namansa a kai, ga wata giya ta shinkafa da suke zubawa a girki don kashe ƙarni. Don haka kar ka ce ai kifi zan ci ko kayan lambu a kowane shago, kaskon ɗaya ne. Ka ajiye wannan rubutun a wayarka yanzu: 清真. Shi ne alamar halak. Da ana rubuta halal da Larabci a allon shago, yanzu an ciccire a wurare da yawa, sai dai ka nemi waɗannan haruffa biyun, galibi a koren allo, ka leƙa ciki za ka ga maza da farar hula mata da ɗankwali.

Shagunan taliyar Lanzhou su ne rufin asirin baƙo, kusan kowace unguwa akwai, Musulmi ne ke riƙe da su. A gabanka yaron zai ja ƙulli da hannu yana ninkawa yana ja har ya zama taliya, a zuba a romon naman sa da yankakken nama da ganye da man barkono, kai da olsa ka nuna masa da hannu kar ya sa barkonon. Suna da soyayyar shinkafa da ƙwai, da ƙwai da tumatir a kan farar shinkafa, hotuna na manne a bango nunawa kawai za ka yi. Sai gidajen abincin 'yan Uyghur, wato Musulmin yankin Xinjiang, su kuma gasasshen naman rago a tsinke kamar tsiren bakin Kwangila sai dai babu ƙuli, da gurasa, da dafadukar shinkafa da karas da rago. In ka sauka a Xiaobei kuwa, unguwar da 'yan Afirka da Larabawa suka fi zama, nan ba ka da matsala ko kaɗan, akwai abincin Turkawa da na Larabawa, kuma in ka tambayi 'yan uwa za su haɗa ka da masu dafa tuwo da miya su kawo maka har ɗaki.

Juma'a ka je masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, wanda ake cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas na ciki, jirgin ƙarƙashin ƙasa na kaiwa kusa. Ka fita da wuri don cika yake har tsakar gida, za ka ga Hausawa, 'yan Mali, 'yan Yaman, 'yan Pakistan, duk wanda ka daɗe ba ka gani ba a kasuwa a nan za ku haɗu. Ba za ka ji kiran sallah a lasifika a cikin gari ba, sai ka dogara da agogon wayarka.

Abu ɗaya, ka ce Oktoba. Kar ka sauka a makon farko, daga 1 zuwa 7 ga wata hutun ƙasa ne, masana'antu da yawa a rufe, jiragen ƙasa cike. Daga tsakiyar wata kuma babban baje kolin kayayyaki na Guangzhou da ake kira Canton ke farawa har farkon Nuwamba, kuɗin otal na tashi sosai, ka kama ɗaki tun kana gida. Kuma kayan waya ai Shenzhen ne gidansu, kasuwar Huaqiangbei, kar ka dawo ba ka leƙa ba.

Injiniya Samaru:

Baba ya gama magana a kan abinci, ni karatu ya kai ni birnin Changsha ba kasuwanci ba, amma bari in ƙara kan waya don ita ta fi ba sabon zuwa wahala fiye da ciki. Gaskiya ne, WhatsApp, Facebook, Google, Gmail, YouTube duk a toshe suke in kana kan layinsu ko intanet ɗin otal. Ko dai ka sa VPN, manhajar da ke buɗe abin da aka toshe, tun kana Zariya ka gwada shi ya yi, don in ka shiga can saukewa ma aiki ne, ko ka sa a buɗe maka romin a layinka na gida, da shi komai na buɗewa sai dai yana cin kuɗi. Ka buɗe WeChat, manhajar hirarsu mai kama da WhatsApp, tun yanzu, da shi kowane mai shago zai yi magana da kai, kuma yana fassara saƙo, ka rubuta da Turanci shi ya karanta da yarensu. Kuɗi kuma kusan ba a taɓa takarda, mai gasa dankali a bakin titi ma lambar sikanin ce rataye a kekensa, a biya shi ta waya da manhajar WeChat ko Alipay. Tun 2023 suna karɓar katin bankin waje amma ka tabbatar naka na aiki a ƙasar waje kafin ka tashi, ka kuma riƙe 'yan yuan, kuɗin ƙasar, a aljihu.

Suna gabanmu da awa 7, in kana karyawa Hajiya na tsakiyar barci, ka gaya mata tun yanzu kar ta kira ba ka ɗauka ba ta ce wani abu ya faru.

Rayuwarsu kuma akwai abin sha'awa wlh. Ruwan zafi suke sha ko ana zafin rana, kowa da ɗan fulas ɗinsa, ruwan famfo ba a sha sai an tafasa, shi ya sa za ka ga butar lantarki a ɗakin otal. Awara kuwa abincinsu ce tun kaka da kakanni, da madarar waken suya da safe, a Changsha har wata baƙar awara suke soyawa mai wari wadda mutane ke bin layi a kanta. Da magariba tsofaffin mata su fito fili su kunna kiɗa suna rawa a jere don motsa jiki, tsoho ɗan shekara saba'in na tafiya da sauri ya fi saurayi, dare ya yi ka fita ka dawo ba mai tare ka. In an gayyace ka cin abinci kar ka soke tsinkayen cin abincin a tsaye cikin shinkafa, yana kama da turaren da suke kunna wa mamaci, ba sa so. In ba ka iya ci da su ba ka nemi cokali ba abin kunya ba ne. Za su matsa maka da giya da sigari don a wurinsu karramawa ce, ka ce kai Musulmi ne ka ɗaga kofin shayi, suna ganewa.

A masallaci 'yan Hanafiyya ne, za ka ga ba sa ɗaga murya da amin, la'asar ɗinsu kuma tana ɗan jinkiri, ka bi liman kawai. Sannan kar ka ja zancen Xinjiang da mai sayar maka da nama ko da tausayi ne ya sa, matsin da Uyghur ke ciki gaskiya ne kuma tambayarka na iya jefa shi cikin matsala kai ka hau jirgi ka tafi.

Malam na Ƙofar Doka:

Gyara kaɗan Alhaji Baban Ummi, don kar yaron ya dawo yana ba da labari. Mutanen can ne ke cewa kabarin Sa'ad ne, amma abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda, ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina aka binne shi a Baƙi'a. Yaron dai ya je ya yi Juma'arsa, masallaci ne mai tarihi. Kuma ɗana kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, ka zauna da malaminka kafin tafiya ya warware maka hukuncin gwargwadon kwanakin da za ka yi.

Hajiya Maman Haidar, Tudun Wada:

Ɗana duk sun manta da abu mafi muhimmanci, bayan gida. Babu buta, babu ruwa a ciki, sau da yawa ko takarda babu, na tsuguno ne a kasuwanni. Ni takalma da jakunkuna nake sarowa a unguwar Sanyuanli a Guangzhou, kullum da gorar ruwa a jakata da 'yar darduma mai naɗewa, in lokaci ya yi in roƙi mai shago ya ba ni lungu, har yau ba wanda ya hana ni, wasu ma kwali suke shimfiɗa min. Ka tafi da butarka ta roba a akwati.

Ka ɗauki garin kunu, yaji, kuka da gari don olsarka, amma ban da kilishi da dambun nama, an hana shiga da nama, za su ƙwace a filin jirgi. Kuma don girman Allah kar ka karɓi saƙon kowa ka kai, ko ɗan unguwarku ne, hukuncin ƙwaya a can har kisa ne.

Ba zan ɓoye maka ba akwai kallo, wasu su ɗauke ka hoto ba izini, yara su nuna ka, a jirgi wani ya ƙi zama kusa da kai. Na taɓa isa wani otal da dare da kayana suka ce ba sa karɓar baƙin waje, na fito titi ina neman wani, abin ya yi min ciwo sosai, shi ya sa nake cewa ka tabbatar otal ɗin na karɓar ɗan waje kafin ka biya. Kuma ba mu manta 2020 ba lokacin korona da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajensu a Guangzhou ɗin nan. Fasfonka ya kasance a jikinka koyaushe, 'yan sanda na tsayarwa musamman a Xiaobei. Otal su ke yi maka rajista, amma in gidan wani ka sauka dole ku je ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Kar ka bari biza ta ƙare kana ciki, tarar yuan 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, kuma ana iya tsare mutum a hana shi dawowa.

Ɗan PZ:

Kai Alhamdulillah, na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya duka, maganar masallacin ce ta fi sanyaya mata rai, ta ce a gaishe da Hajiya Maman Haidar da kyau, har ta aika a niƙo gero. Zan ce wa mai yankar tikiti ya matsar min zuwa bayan hutun nasu. Baba Baban Ummi in ba damuwa zan shigo Sabon Gari ranar Asabar bayan la'asar da jerin kayan da nake so, ka duba min wanne zan saya a Guangzhou wanne sai Shenzhen, da kuma maganar wanda zai auno min kayan zuwa Kano.