Neman kalmar Hausa: idan tibi da ƙanjamau suka haɗu a jiki ɗaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana harshe da ma'aikatan lafiya. Ina fassara wata takardar wayar da kan jama'a da za a raba a unguwannin Zariya, sai na ci karo da kalmar da likitoci ke furtawa "ko-infekshan", wato mutum ɗaya ya kasance ɗauke da tarin tibi da kuma ƙwayar cutar ƙanjamau. A garin da ke da cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka, wato tibi, da kuturta a Saye, bai kamata a ce mun rasa sunan wannan lalura da harshenmu ba.

Da farko na rubuta "tagwayen cuta", daga baya na soke. Tagwaye tare ake haifarsu, alhali ƙwayar tibi, wadda Robert Koch ya gano a 1882, takan yi shekaru kwance a jikin mutum ba tari ba zazzaɓi, domin garkuwar jiki ta danne ta. Sai ƙanjamau ta shigo ta raunana garkuwar, sannan tibi ta farka. Shi ya sa haɗarin kamuwa da tibi ga mai ƙanjamau ya ninka na sauran mutane fiye da sau 10, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tibi a matsayin cutar da ta fi kashe masu ɗauke da ƙanjamau. Ita ma tibi ba ta zama haka kawai, tana ƙara wa ƙwayar ƙanjamau saurin hayayyafa a jini.

Wani dattijo da muke sallah tare a Tudun Wada ya ce mini, "Malam, ai wannan taron dangi ne." Maganarsa ta yi mini daɗi ƙwarai, kuma zan yi amfani da ita wajen bayani da baki, sai dai cututtukan biyu ba dangin juna ba ne, kowace da irin ƙwayarta da maganinta, na tibi wata 6, na ƙanjamau kuwa har tsawon rayuwa.

Abin da na tsaya a kai shi ne "haɗakar cuta", a ce haɗakar tibi da ƙanjamau. Haɗaka a wurin Bahaushe aiki ne da kowa ke sa hannu, ga shi kuma ta nuna cewa abu biyu ne dabam suka haɗu, kowanne yana iya zuwa shi kaɗai. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin na san matar da ta ɓoye tarinta wata da watanni, tana tofar da kaki a tsumma, don kada maƙwabta su ga ramarta su ce ƙanjamau ce, alhali mafi yawan masu tibi a Nijeriya ba su da ita.

Masu aiki a asibitin koyarwa na Shika da cibiyar Saye, idan kuka faɗa wa majinyaci "haɗakar cuta", zai gane ba tare da dogon bayani ba?