Yadda za a tsamo jinom ɗin Brucella daga jinin majiyyaci

Ɗalibar Riyad: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jinin masu zazzaɓin Malta ne a hannu, wanda ake kamuwa da shi ta ɗanyen nonon raƙumi da na akuya. Ana son karanta jinom (wato dukkan DNA) ɗin Brucella, bakteriyar da ke kawo cutar, amma abin da na'ura ke fitarwa kusan duk DNA ɗin mutum ne. Ina mafita?

Malam na Jidda: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba laifin na'ura ba ne. Jinom ɗin Brucella melitensis haruffa wajen miliyan 3.3 ne a kan kuromosom biyu, na mutum kuwa biliyan 3. Ga shi bakteriyar tana ɓuya a cikin fararen ƙwayoyin jini, kuma ba ta da yawa. A fara rainon bakteriyar a faranti don ta yawaita, amma sai a ɗakin gwaji mai tsaro mataki na 3, don ta iska take kama ma'aikata. A kashe ta, a tabbatar ta mutu, sannan a fitar da DNA.

Hajiya ta Madina: In dole sai daga jinin kai tsaye, ki sa sinadarin saponin, ya fasa ƙwayoyin mutum ya bar bakteriya, sai DNase, sinadarin da ke narkar da DNA, ya cinye DNA ɗin mutum da ya zubo. Abu biyu ke ɓata aikin. In jinin ya taɓa daskarewa, bakteriyar ma ta fashe, DNase zai haɗa da nata ya cinye. In kuma ba a wanke DNase ɗin ko an tsayar da shi da sinadarin EDTA kafin fasa bakteriyar ba, an yi aikin banza. Ki auna yawan DNA da na'urar Qubit, na'urar NanoDrop na ruɗin mai aunawa idan DNA kaɗan ne.

Ɗalibar Riyad: Na gode Hajiya. To NEBNext, kayan gwajin nan na rage DNA ɗin mutum, fa?

Hajiya ta Madina: Dogayen guntayen DNA yake so, haruffa 15,000 zuwa sama. Kuma ba ya ɗauke DNA ɗin mitokondiriya, wato sassan ƙwayar mutum masu samar da kuzari.

Yaya na Makka: A kwamfuta, ki tsaftace guntayen da na'ura ta karanta da manhajar fastp, ki jera su kan T2T-CHM13, wato cikakken jinom ɗin mutum, da manhajar minimap2, ki zubar da duk wanda ya manne. Kafin ɗora komai a rumbun intanet za a yi wannan, sirrin majiyyaci amana ne. SPAdes, manhajar harhaɗa gajerun guntaye, shi kaɗai zai bar miki jinom gutsi-gutsi, domin wasu sassan jinom ɗin, IS711 da rRNA, suna maimaita kansu. Ki haɗa da Nanopore, na'urar karanta dogayen guntaye, manhajar Flye ta ɗinke su, gajerun guntayen na'urar Illumina su gyara kurakurai. Kada zurfin karatu, wato yawan lokutan da aka karanta kowane harafi, ya gaza ninki 50. Ire-iren Brucella sun yi kama ƙwarai, kuskure ƙalilan zai sa ki raba majiyyata biyu da suka sha nonon garke ɗaya.

Malam na Jidda: Ki kuma lura da Kraken2, manhajar da ke gano sunan bakteriya daga DNA. A 2020 an shigar da wani jinsin bakteriya, Ochrobactrum, ƙarƙashin sunan Brucella. In kin ga Brucella anthropi, ba ita ke kawo zazzaɓin Malta ba, sau da yawa gurɓatar kayan aiki ce. Ki gudanar da kwalbar ruwa zalla tare da kowane rukuni don ki gane gurɓatar.